Wa ya ba siniya bulala?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai a makarantar da yarona yake, kuma ina so in miƙe in kawo shawara guda: a ƙwace ikon hukunci daga hannun firifet da 'yan aji shida gaba ɗaya. Ba bulala, ba gwale-gwale, ba tsallen kwaɗo. Wanda ya yi laifi a rubuta sunansa a kai wa malami. Tun abin da ya faru a sakandaren kwana ta Bichi a watan Yulin 2025, inda yara biyu suka rasa ransu, ana zargin 'yan'uwansu ɗalibai da yi musu duka, hankalina bai kwanta ba. Kafin in je in yi magana a gaban mutane ina so in ji ta bakinku, musamman malamai da waɗanda suka yi makarantar kwana.

Tsohon Kyaftin: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaran, ya ba iyayensu haƙuri. Amma Alhaji, ka yi mini afuwa, wannan shawarar wanda bai taɓa kwana a hostal ba ce. Ni na riƙe kyaftin na gida a zamaninmu. Yara fiye da ɗari a hannunka, kai za ka tashe su sallar asuba, ka sa a share tsakar gida, a wanke bayi, a fita asambuli kan lokaci. Duk wannan da takarda da biro zan yi? Wa zai saurare ni? Mu ma an dake mu, mun ɗebo ruwa, mun wanke kayan siniyoyi, ga mu nan ba mu mutu ba. Shi ma ya sa muka zama mutane.

Malama Mai Alli: Kyaftin, wannan "ba mu mutu ba" ɗin ita ke ba ni tsoro. Waɗanda suka mutu ba sa cikin zauren nan balle su ba da nasu labarin. Haka waɗanda suka tsallake katanga tun suna aji biyu suka ce ko za a yanka su ba za su koma ba. Ku da kuka kai ƙarshe ne kawai muke jin muryarku.

Amma Alhaji, kai ma taka shawarar da saura. Na daɗe ina koyarwa a makarantar kwana, bari in faɗa maka yadda abin yake. Babu wata takardar ma'aikatar ilimi da na taɓa gani da ta ce ɗalibi ya daki ɗalibi. Mu malamai ne muka sakar musu, saboda bayan firef, wato karatun dare, an kashe janareta, babu babban mutum ko ɗaya a ɓangaren ɗakunan kwana. Malamin gida, wato mai kula da ɗakunan kwana, yana kwatas can nesa, ko ma ya hau babur ɗinsa ya koma cikin gari wajen iyalinsa. Maigadi yana bakin get. Daga goman dare zuwa kiran assalatu makarantar ta 'yan aji shida ce. Idan ka rubuta doka ka ce kada su yi duka, wa zai ga an karya ta?

Yaron Jiya: Malama ta faɗi gaskiya wallahi. Ni ban daɗe da yin kandi ba, bari in ba ku na ido. Ranar da aka kawo ka aji ɗaya, iyayenka ba su kai titi ba an buɗe akwatinka. Madara, sukari, garin kwaki, ƙuli, dambun naman da mama ta kwana tana yi, a gabanka za a raba. Wannan ba a ma lissafa shi cikin zalunci, kamar haraji ne. Ainihin abin sai dare. A kulle ƙofa, a sa wani yaro gadi a taga, a ce duk 'yan aji kaza su fito daga gado. Wani lokaci laifin mutum ɗaya ne, wani lokaci cokalin siniya ne ya ɓata. Ba bulalar makaranta ake amfani da ita ba, wayar wuta ce da bel, wani ma ƙarfen gado yake zarowa.

Mafita ɗaya ce, ka samu uban ɗaki. Kana yi masa wanki da guga, kana ɗebo masa ruwan wanka, kana karɓo masa abinci, shi kuma yana hana a taɓa ka. Wanda ba shi da kowa, ko ba a kawo masa ziyara, ko yana da in'ina, shi ne abin dukan kowa.

Baban Ilham: To ɗana, me ya hana ku kai ƙara?

Yaron Jiya: Baba, wajen wa? Ka kai ƙara da rana, malami ya kira siniyan ya yi masa bulala biyar a ofis, ya tafi gida. Da dare kai da wa za ka kwana? Kuma daga ranar sunanka munafuki, har 'yan ajinku gudunka za su yi don kada a haɗa da su. Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda muka sha wuya tare muna kuka a bayan aji, su ne da muka shiga aji shida suka fi kowa mugunta. Ka yi magana su ce lokacinmu ne, an ci bashi dole a biya.

Tsohon Kyaftin: A'a, wayar wuta da ƙarfen gado kam ba tarbiyya ba ce, wannan ta'addanci ne. Mu tsumagiya muka sani, ita ma da ƙa'ida.

Malama Mai Alli: Wa ke duba ƙa'idar, Kyaftin? Yaro ɗan shekara 17 ne fa da ransa ya ɓaci, a cikin duhu, abokansa na zuga shi.

Maman 'Yan Biyu: Duk maganar maza kuke yi. Ku zo makarantar mata ku ga wani salon. Can ba lallai a taɓa jikin yarinya ba. 'Yata tana da matsalar fitsarin kwance lokacin da ta shiga aji ɗaya, mun gaya wa metiron, mun saya mata ledar katifa. Da siniyoyi suka gano, sai suka ɗora mata katifar a ka, aka zaga da ita ɗaki-ɗaki ana tafi ana yi mata waƙa. Suka laƙaba mata suna, har 'yan ajinsu suka daina kiranta da sunanta na yanka. Ni ban sani ba. Ranar ziyara na ga ta rame, leɓenta duk ya bushe ya tsage, ashe daga la'asar ba ta ƙara shan ruwa don tsoron dare. Da zan tafi ta riƙe gefen hijabina, ba ta ce komai ba, ta ƙi saki.

Na je wajen shugabar makarantar. Baiwar Allah ta ji haushi da gaske, amma me ta yi? Ta aika aka kira 'yan matan, ta tsayar da 'yata a gabansu ta ce nuna mini su. Ranar na san an gama da ita. Ƙarshen zangon na ɗauke ta na mayar da ita jeka-ka-dawo.

Hajiya Babba: Innalillahi. Sannu 'yar nan, Allah ya saka mata. Tana lafiya yanzu?

Maman 'Yan Biyu: Alhamdulillah Hajiya, fitsarin ma da ta dawo gida ya tsaya da kansa. Sai dai har yau ba ta son kwana a gidan kowa.

Sista: Bari in sa baki ta ɓangaren asibiti, don iyaye su san abin dubawa. Mari mai ƙarfi a kan kunne yana fasa dodon kunne, yaro ya dawo yana cewa ba ya ji sosai ko kunnen na zubar da ruwa, a ɗauka sanyi ne. Na biyu, wanda mutane ba su sani ba: dukan da ya yi yawa a cinya da baya, ko tsallen kwaɗo na tsawon lokaci ba ruwa, yana farfasa tsoka, abin da ya fita daga tsokar ya bi jini ya je ya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma launin baƙin shayi, ko ya ragu sosai. Wannan ba na Panadol ba ne, a tafi asibiti a ranar. Sai mai sikila. Wahala da ƙishirwa da sanyi duk suna tayar masa da ciwo, to ka ɗauki irin wannan yaro ka watsa masa ruwa da asubar hunturu ka sa shi gwale-gwale. Siniyan da ke hukunta shi bai san yana da sikila ba, ba wanda ya gaya masa, fayil ɗin na ofis.

Ɗan Ikko: Kada a ɗauka abin na makarantun gwamnati ne ko na Arewa kawai. Nan Legas kowa ya tuna Sylvester Oromoni, ɗan shekara 12 na Dowen College a Lekki, da ya rasu ƙarshen Nuwamban 2021. Makarantar masu kuɗi ce ta gaske. Siniyoyi suka kashe shi da duka.

Barista: Ɗan'uwa, a nan sai mu yi hattara. Iyayensa ne suka yi wannan zargi, kuma gwamnatin Legas ta rufe makarantar na wani lokaci. Amma kotun binciken musabbabin mutuwa, a watan Afrilun 2024, ta ce ciwo ne ya kashe shi, ƙwayar cuta ta shiga jininsa, ta kuma ɗora laifin sakaci a kan iyaye da likitan da ya duba shi. Iyalan ba su gamsu ba, mutane da yawa ma haka, amma hukuncin da ke rubuce ke nan. Idan misalin makarantar masu hali kake nema, ga Lead British ta Abuja a Afrilun 2024, inda bidiyon ɗaliba tana shan mari a hannun 'yar'uwarta ɗaliba ya karaɗe intanet, har ministar mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta je aka rufe makarantar kwana uku. Ga kuma kwalejin gwamnatin tarayya ta Inugu a Nuwamban shekarar, inda ministan ilimi Tunji Alausa ya dakatar da ɗalibai 13 na mako shida. Ku lura, duka biyun bidiyo ne ya tayar da hukuma. Makarantar ƙauyen da babu mai waya fa?

Ɗan Ikko: Na gode Barista. Amma ni dai har yanzu zuciyata ba ta yarda ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar lakwal ɗin kwana, wato makarantar kwana, ba ta da yawa kamar wajenku, kuma a kwalej da lise, wato sakandarenmu, akwai ma'aikaci babba mai albashi, surbeyan muke ce masa, aikinsa ke nan tsaron ɗa'a, ba ya shiga aji koyarwa. Ba a ba ɗalibi bulala ya daki ɗan'uwansa da sunan makaranta. Ban ce babu cin zali ba fa. Namu daga waje yake shigowa. Kun san labarin fale na Zinder, ƙungiyoyin samari irin na unguwar Kara-Kara. Yaro yana da yaya a fale, to a farfajiyar lakwal ba mai ɗaga masa murya, wani lokaci har malami.

Na Kurna: Ai wannan shi ne namu na jeka-ka-dawo a cikin birnin Kano. Ku kuna ta hostal, mu a bakin get ake yi. Faɗan unguwa da unguwa ba ya tsayawa a lungu, yaran da ke aji ɗaya ne, wannan ɗan nan ne, wancan ɗan can ne. Rigimar da aka fara a filin ƙwallo ranar Lahadi, Litinin ana tashi daga makaranta za a ƙarasa ta. Yaro da yunifom, ka buɗe jakarsa littafi biyu da wuƙa. Ka tambaye shi ya ce kare kai, kuma wani lokacin gaskiya yake faɗa, don hanyar gidansu ta cikin unguwar abokan gaba take. 'Yan daba ba daga sama suke faɗowa ba, haka Kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi da Jos, 'yan shila a Yola, da yawansu da irin wannan suka fara. Ga ƙwaya. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma wa zai ce yara sun rasa abin sha?

Malaminmu na unguwa ya taɓa ƙwace wuƙa a hannun ɗalibi. Da yamma aka tare shi a hanya. Tun daga ranar ko faɗa ake a gabansa sai ya duba agogo.

Malam Na Zaure: Jama'a, addini bai bar mu a duhu ba. Hadisi ne ingantacce a Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta. Sahabbai suka tambaya yaya za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. Abin da aka yi wa 'yar baiwar Allah nan kuwa, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta ambace shi kai tsaye, izgili da jifan juna da miyagun laƙubba. Yaran nan sun haddace surar, da ita suke cin musabaƙa.

Na Kurna: Allah ya gafarta Malam, to a tsangaya fa? Gardi ba ya zane ƙolo? A Islamiyya ba a ba babban ɗalibi dorina ya tsare aji?

Malam Na Zaure: Ana yi, kuma ban ce daidai ba ne. Inda alaramma yake zaune a kan buzunsa yana gani, da sauƙi. Inda ya yi tafiya ya bar wa gardawa yara, abin da Malama ta faɗa ne dai ya sake dawowa.

Ɗalibar Ilimi: Ina karantar fannin ilimi, ga ɗan abin da zan ƙara. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa rabi, kashi 48 cikin 100. Shi ya sa aka ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don yaƙi da wannan ɗabi'a. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin KiVa na ƙasar Finland, wanda jami'ar Turku ta tsara, aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009. Su ba su tsaya kan mai dukan da wanda aka daka kawai ba, sun koma kan 'yan kallo. Mai cin zali suna yake nema, idan ba mai dariya, ba mai tafi, ribarsa ta ragu. Ku duba labarin Maman 'Yan Biyu. Mutum nawa suka ɗora katifar? Uku ko huɗu. Mutum nawa suka yi tafi?

Tsohon Kyaftin: 'Yata, Finland kika ce? Ajin da malami ya san sunan kowane yaro da na babarsa? Zo ki ga aji mai yara fiye da ɗari, rabi a ƙasa.

Yaron Jiya: Kuma Anti, wanda bai yi tafi ba gobe katifarsa za a ɗauka. Tafin ma na tsoro ne.

Ɗalibar Ilimi: Haka ne, shi ya sa a tsarin nasu akwai malamai na musamman da ke bin kowace ƙara, su zauna da kowane yaro shi kaɗai, su kuma dawo bayan ɗan lokaci su tambaya ko abin ya tsaya. Ba a barin yara su kaɗai da jarumtarsu.

Barista: Ta fuskar doka ba mu da talauci. Akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a watan Mayun 2023, ma'aikatar ilimi ta tarayya kuma tana da manufar makarantu marasa tashin hankali tun 2021. Duka da jikkatawa laifi ne ko a ina aka yi shi, katangar makaranta ba ta mayar da shi wasa. Matsalar, iyaye na zuwa ofishina da zafi, bayan kwana biyu an turo dattawa, an ce yara ne, kada a ɓata masa rayuwa, a bar wa Allah. Makaranta kuma sunanta take karewa, mai kuɗin ma ta fi tsoron a ji. Sai a kori yaron a ɓoye, ba a rubuta dalili ba, ubansa ya kai shi wata makarantar a ba shi sabbin ƙanana. Ni ba na goyon bayan a jefa ɗan shekara 16 kurkukun manya, zai fito ya fi da. Amma gidajen gyaran hali na tarayya na matasa, na Kaduna da Ilorin da Abeokuta ne aka sani, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

Hajiya Babba: Ni dai abin da na gani, wasu iyayen su ke ɓata 'ya'yansu. Ka kira uba ka ce ɗanka ya fasa wa wani kai, ya ce ai namiji ne. Wata uwar ma har makaranta za ta zo ta ci mutuncin malami.

Malama Mai Alli: Hajiya, wannan kam mun sha shi. Alhaji, idan za ka ji tawa, ranar Asabar kada ka fara da bulala, za a yi ta musu irin na Kyaftin har a tashi. Ka tambayi shugaban makaranta a gaban kowa: daren jiya, wane babba ne ya kwana a ɓangaren yara, a wane ɗaki? Sannan ka nemi a raba ɗakin kwanan 'yan aji ɗaya zuwa uku da na manya, da ƙofarsu daban. Sannan yaron da ya kawo ƙara kada a sake tsayar da shi gaban wanda ya kai ƙara. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun Yunin 2024, ana gyaran azuzuwa, to ɗakin malamin gida ma gini ne.

Tsohon Kyaftin: Wannan na yarda da shi. Har yanzu ina nan kan cewa firifet ba ya aiki hannu sake, amma idan ɗaki ne matsalar, a gidanmu na hostal akwai wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa da aka mayar sito. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai za ta iya yi masa rufi da ƙofa. Tambayar, wa zai kwana?

Malama Mai Alli: Ka zo wajen. Malami mai mata da 'ya'ya, da albashin da kuka sani, ba alawus, ka ce ya bar gidansa ya kwana da sauro? Sai dai a yi karɓa-karɓa, kuma a biya.

Na Kurna: A ba 'yan hidimar ƙasa mana, su da dama masauki suke nema.

Maman 'Yan Biyu: A'a, ku dakata. Baƙon da ba a san halinsa ba, shi kaɗai da yara cikin dare? Kada garin gyaran gira a rasa ido. Idan za a sa babba, a sa biyu, kuma a makarantar mata mata kawai.

Baban Ilham: To biyu, karɓa-karɓa, da alawus. Kuɗin daga aljihun wa? Idan na ce a ƙara a kuɗin ƙungiyar iyaye, rabin zauren zai watse kafin in zauna.

Barista: Ka fara neman a karanto muku abin da aka yi da na bara.

Yaron Jiya: Kyaftin, ɗakin bakin ƙofar nan ba zai yi ba fa. Ba a nan ake yi ba. Can ƙarshe ne, ɗakin da ke jikin bayi, daga bakin ƙofa ko ihu ake ba ka ji. Idan za ku gyara, wancan za ku gyara.